Tsuntsun da Ba Ya Kwanta Jinya

Nassarawa GRA, Kano
Asabar, 12 ga Oktoba

Zuwa ga aminina Malam Inuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da jikokin nan naka masu wawashe maka goro. Yaya ƙafa? Yaya kuma kunne? Kunnen nan naka shi ya mayar da mu zamanin takarda, don na gaji da yi maka ihu a waya har maigadin maƙwabta ya fi ni sanin sirrina. Direban motar Haɗeja zai miƙa maka wannan, da ɗan dabino a leda. Ka duba ledar a gabansa.

Ka tuna Mamman Ɗan Jirgi, mai gyaran fitila a gindin durumin bakin kasuwa, wanda ya ce ya yi shekaru yana zuba gawayi a jirgin ruwa daga Ikko? Ka tuna ranar da ya ba mu labarin wani tsuntsu a ƙarshen ƙasa, mai tafiya a tsaye kamar mutum, ga fiffike amma ba ya tashi, in ya yi kuka kuma sai ka rantse jaki ne? Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tsuntsun ba ya kwanta jinya. Ko ciwo ya ci ƙarfinsa, a sahu za ka gan shi tare da 'yan'uwansa, ƙirji a gaba, sai dai a wayi gari ya faɗi. Ni na fara yin dariya, kai ka taya ni. Har na ce masa ruwan gishiri ya shiga kansa, ya jefe ni da murfin fitila.

To, Allah ya jiƙan Mamman, ya yafe mini. Tsuntsun nan yana nan, sunansa fengwin, kuma 'yata ce ke wanke masa ɗaki.

Ka san Suhaila ta bi mijinta Afirka ta Kudu da ya samu koyarwa a can. Ita kuma da karatunta na likitan dabbobi ta samu aiki a wani gidan adana halittun teku, inda mutane ke biya su shiga kallo. Da ta faɗa mini, na zaci ofis za a ba ta da fanka. Ashe takalmin roba ne har gwiwa, da bokiti, da buroshi. Da sassafe take fara goge duwatsun da suka kwana a kai, don tsuntsayen nan ba su san kunya ba. Daga nan ta fito da kifi daga firiza ya huce, ta cusa ƙwayar magani a kumatun kowane kifi, sannan a yi layi. Kowane tsuntsu da hannu ake ba shi, kan kifin a gaba don kada ƙaya ta tsaya masa a wuya. Wata ma'aikaciya tana gefe tana lura da wanda ya ci da wanda ya kau da kai. Ana duba tafin ƙafarsu, ana ɗora su a ma'auni. Har gidan sauro ake yi musu, Inuwa, wai zazzaɓin cizon sauro yana kashe su. Da uwarta Hajiya ta ji haka ta ce ashe 'yan gida ne. Akwai kuma wasu tsuntsayen teku da ake kawowa da karyayyen fiffike, da wani kwasakwasa guda mai satar kifin kowa, amma hankalinmu yana kan masu tafiya a tsaye.

Hajiya Jummai ba ta iya faɗin sunansu ba, sai ta sa musu lauyoyi, saboda baƙar riga da farin ƙirji. Kullum bayan azahar Suhaila tana jingina waya a bakin katanga ta bar mu mu kalli ciyarwar rana. Hajiya ta san su ɗaya bayan ɗaya ta ɗigon da ke ƙirjinsu. Akwai wani mai tumbi da ta kira Mai Unguwa. In ya tsallake layi sai ta ce, “Suhaila, ga Mai Unguwa can ya sake cin na marayu.” Ni da na yi shekara arba'in da ita ban taɓa samun irin kulawar da Mai Unguwa yake samu ba.

Na ja ka da nisa, don abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba shi da daɗin rubutawa. Hajiya ba ta da lafiya. Tun bayan babbar salla abinci ya daina zama mata. Mun yi ta kai da kawo a asibiti, har likita ya kira ni gefe ya ce ciwo ne a hanta, kuma ya yi nisa. Ya ce sai dai a rage mata zafi, sauran na Allah ne. Ita ma ta sani, don ta tsare shi da ido har ya faɗa mata.

A mota, muna dawowa, ta ce abu ɗaya take roƙo: kada Suhaila ta ji. Ta ce ba a tayar wa na nesa hankali, haka ta tashi ta ga ana yi, haka ni ma na tashi na gani. Ta ce yarinyar tana cikin watannin gwaji a wurin aiki, ga lokacin renon 'yan tsakin tsuntsayen yana zuwa, a watan Janairu kuma dama za ta zo hutu. Na ce to. Ka san ni da “to”.

Shi ya sa yanzu, kafin a kira sallar azahar, Fatsuma mai yi mana girki take taya ta wanka, a sa kwalli, a ɗaura ɗankwali, a zaunar da ita ta ba taga baya don kada launin idonta ya fito. Minti kaɗan ne, amma ƙarfin yininta duka a nan yake tafiya. Da an kashe waya sai mu kama ta mu kwantar.

Suhaila ita ce ta fari, ita ce auta. Ba mu da wani. Ka gaya mini gaskiya, Inuwa, Janairu ba ta yi nisa ba?

Ka gaida mini Hajiya Asabe da yara. Ka sa mu a addu'a.

Naka har kullum,
Aƙilu


Nassarawa GRA, Kano
Lahadi, 17 ga Nuwamba

Aminina Malam Inuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen gida. Amsarka ta iso, da zumar da Hajiya Asabe ta aiko. An gode, Allah ya bar zumunci. Marar lafiya ta lasa sau biyu, wanda a kwanakin nan babban labari ne.

Na karanta abin da ka rubuta, da manyan baƙaƙe har biro ya huda takarda: in gaya mata. Ka ce al'adar da muka gada ta zamanin da tafiya take cin wata guda ce, lokacin da ko an gaya wa mutum ba abin da zai iya sai kuka. Gaskiyarka. Na ninke takardar na sa a aljihu, na yi mako ina yawo da ita, ban gaya mata ba.

Bari ka ji yadda aka yi, ko ka rage fushi.

Lokacin 'yan tsakin ya zo. Abin da Suhaila ta bayyana mana shi ne, sau ɗaya a shekara tsuntsayen nan suna zubar da gashi gaba ɗaya su yi sabo, kuma har su gama ba sa shiga ruwa, ba sa kamun kifi. Na dawa da suka makara da ƙyanƙyasa sai su bar 'ya'yansu a sheƙa da yunwa. Masu gadin bakin teku su kwaso su a kwali a kawo wa su Suhaila. Sai a niƙa kifi ya zama kamar kunu, a ɗura musu ta siririyar roba, a auna, a goge, kafin ka gama da na ƙarshe na farko ya fara kuka. Hannunta duk sara ne, don bakinsu kamar reza yake. Ta rame, amma ban taɓa ganin fuskarta da haske irin na yanzu ba. Ta ɗago wani ɗan tsako mai toka-toka ta nuna wa uwarta, ya yi mata kashi a riga, Hajiya ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki. Suhaila ta zaci dariyar ce ta sa ta riƙe.

A makon jiya Mai Unguwa ya ƙi kifi ɗaya. Ɗaya tak, Inuwa, a cikin abin da ya saba haɗiyewa. Yana tsaye a sahu, yana kukan jakinsa, ba abin da za ka gani. Amma nan da nan aka kama shi, aka auna, aka ɗebi jini, sai ga zazzaɓi. Da an bari ya nuna da kansa, in ji Suhaila, da an makara. Ta ce a dawa duk wanda ya nuna rauni shi ake fara ci, shi ya sa suke ɓoyewa, kuma aikinta duka shi ne ta gano abin da suke ɓoyewa. Tana wannan bayani, ni ina kallon silin, Hajiya tana gyara ɗankwali. Yanzu ya warke, ya koma cin na marayu.

Ranar Laraba ta kira wayata ni kaɗai, ba a lokacin da ta saba ba. Ina zaune a ƙarƙashin mangwaron bayan gida. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce, “Baba, me ya sa zoben Umma ya koma yatsan tsakiya?” Ka san zoben, na azurfa, wanda ta sayo a Madina. Ya yi mata yawa, yana zamewa, shi ne ta matsar da shi. Mu da muke gidan ba mu lura ba. Ta ce kuma Umma ta daina zama a kujerarta ta falo, ta daina cewa a miƙo mata shayi ana cikin hira. Ta ce, “Baba, kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. In taho?”

Na ce mata ɗan zazzaɓi ne da rashin cin abinci irin na tsufa, ana shan magani, jiki da sauƙi. Na ce ta kula da marayunta, Janairu kamar gobe ce. Har na ƙara da wasa, na ce uwarta kishi take da Mai Unguwa, ita ma so take a auna ta. Ta yi dariya. Na ji lokacin da ta sauke numfashi.

Fatsuma tana shanya a igiya, ta ji komai. Matar nan shekararta ashirin a gidan nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar ta ajiye bokiti ta ce, “Alhaji, da sauƙin nan da kuke ta faɗa, ranar da yarinyar nan ta shigo gidan nan ni ba zan iya kallon idonta ba.” Tun ranar tuwona yake zuwa da gudaji, kuma na san ba kuskure ba ne.

Na koma wa Hajiya da maganar. Na ce yarinya ta fara ganewa, a bari ta zo ko na mako guda. Ta ce in ta zo ta ga halin da ake ciki ba za ta koma ba, aikin da ta sha wahala ta samu ya tafi, mijinta ya zauna shi kaɗai, 'yan tsaki kuma wa zai ɗura musu? Na ce akwai wasu ma'aikatan. Ta ce, “Malam, ka bar ni in ga 'yata tana dariya. In ta zo, kuka zan gani.” Kai da kake da baki, da kana wurin, ban san me za ka ce ba.

Kuma in faɗa maka wadda ban faɗa wa kowa ba. Ba don alkawari kaɗai na yi shiru ba. Duk ranar da na ce wa Suhaila ta taho, to ranar na yarda da maganar likita. Muddin ana sa kwalli kafin azahar, ni ma ina samun inda zan fake.

Likita ya ƙara mata allura. Tana yawan barci. Muna lissafin Janairu.

A gaida kowa da kowa. Kada ka gaji da ni.

Amininka,
Aƙilu


Nassarawa GRA, Kano
Talata, 3 ga Disamba

Malam Inuwa,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da gajeriyar takarda, direba yana jira a ƙofa.

Yau bayan na dawo daga masallaci da safe, Hajiya ta buɗe ido ta ce, “Malam, kira ta.” Na kira. Wayar tana ta ƙara ba a ɗauka, don ba sa shiga ɗakin 'yan tsaki da waya, a akwati suke kullewa. Na kira mijinta, yana aji. Sai wajen hantsi ta gani ta kira. Na faɗa mata komai, da sunan ciwon, da watan da aka gano. Ta ce, “Tun yaushe, Baba?” Na sake faɗa. Ta ce to.

Babu jirgi sai gobe, kuma sai ta sauka a wata ƙasa ta kwana kafin ta iso. In Allah ya so jibi tana Kano. Yau ba a sa kwalli ba.

Ka tara mana yara su yi addu'a.

Aƙilu


Nassarawa GRA, Kano
Juma'a, 20 ga Disamba

Zuwa ga aminina Malam Inuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Ɗanka ya iso da saƙon ta'aziyyarka, ya zauna da mu har aka yi sadakar uku, ya yi ta ɗawainiya da baƙi kamar gidansu. Allah ya yi masa albarka. Kada ka damu da rashin zuwanka, na san da ƙafa ta bari da kai ne a sahun gaba.

Ya gaya maka ranar, amma bai san sauran ba. Hajiya ta cika ranar Laraba da hantsi, washegarin gajeriyar takardar da na aiko maka, Fatsuma tana riƙe da kanta, ni ina karanta mata abin da ya sawwaƙa. Da safen ta tambaya ko jirgi ya taso, na ce ya taso. Wannan karon gaskiya na faɗa. Aka yi mata sutura, aka kai ta bayan la'asar. Wani daga cikin dangi ya ce ko a jira 'yarta zuwa gobe, liman ya dube ni, na ce a kai ta. A lokacin Suhaila tana zaune a filin jirgin wata ƙasa, tana jiran na biyu. Mijinta ne ya faɗa mata a waya, ni ban iya ba.

Ta iso ranar Alhamis, gida cike da mata. Na tanadi kaina don faɗa. Na so ta yi ihu, ta ce na cuce ta, ko ta ƙi gaishe ni a gaban mutane. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta durƙusa ta ce, “Baba, ya haƙuri?” kamar kowace baƙuwa, ta wuce ɗakin uwarta. Fatsuma kuwa ta cika maganarta, ta shige kicin ta rufe ƙofa, sai da Suhaila ta bi ta can.

Kwana da kwanaki muna gida ɗaya, tana kawo mini abinci, tana tsayawa har in ci. Na lura tana duba kwanon in na ture. Ta kai ni an auna jinina, ta karɓi takardar da hannunta, ba ta tambaye ni yadda nake ji ba. Da na ce mata lafiyata ƙalau, sai ta ce, “To, Baba,” ta ci gaba da karanta takardar. Inuwa, na sha jin zafin magana a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na wannan “to” ɗin ba. Da can in na ce ruwa zai sauka, yarinyar nan kwashe shanya take yi.

Wurin aikin sun yi mata kirki, sun ce ta zauna har a yi arba'in, gurbinta yana nan. Ka ji. Abin da Hajiya ta ji tsoro, har muka yi wata da watanni muna ɓoyo saboda shi, da saƙo ɗaya aka warware shi. Abokiyar aikinta tana turo mata hotuna. An saki rukunin farko na 'yan tsakin a bakin teku, sun yi ta tuntuɓe a yashi har suka shiga ruwa. Ta nuna wa Fatsuma. Ni ba ta nuna mini ba, ta bayan kafaɗarsu na leƙa.

Shekaranjiya da rana na same ta a ɗakin Hajiya tana ninke zannuwa, za a raba wa dangi. Na tsaya a bakin ƙofa na ce mata uwarta ce ta roƙa, amma ni na amsa, kuma ranar da ta tambaye ni a waya, bakina ne ya yi magana ba na uwarta ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun a jirgi, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa. Sai ta ce ranar Larabar nan da ta kira ni, ta riga ta nemi izinin tafiya, an ba ta, jakarta tana kan gado. Maganata ce ta sa ta mayar da kayan cikin durowa. Da ta taho, da ta samu mako uku da uwarta.

Na zauna a bakin gadon.

Ta ci gaba da ninki, ba ta dube ni ba. Ta ce ba ta ga laifin Umma ba, mai ciwo dama ɓoyewa yake yi, tsuntsayenta ma a tsaye suke har su faɗi, ba wanda yake jin haushinsu. Ta ce, “Shi ya sa ake ajiye mutum a kusa da su, Baba. Mu ba ma tambayarsu, aunawa muke yi. Ni kuma na ga alama da idona, sai na tambaya.”

Za ta koma bayan arba'in. Ta ce in bi ta in huta, in ga lauyoyin Hajiya ido da ido. Ban amsa ba tukuna. Ta kuma karɓi lambar likitana da ta Fatsuma, ta ce daga yanzu su za ta riƙa kira a kan lafiyata, ni kuma mu riƙa gaisawa. Ban yi musu ba.

Ka gaida Hajiya Asabe, ka ce mata zumar ta yi amfani. Ka gaida yara. In ka samu wanda ya san inda kabarin Mamman Ɗan Jirgi yake, ka aika a yi masa addu'a da sunana. Shi ya fara gaya mini akwai halittar da ba ta kwanta jinya, na yi masa dariya a gaban kasuwa. Wadda ta gaya mini na ƙarshe ita ce Suhaila, a ɗakin uwarta, da zanen uwarta a hannu.

Wassalam.

Naka,
Aƙilu